Yadda Ake Haɗa Kyandir na Kakin Zuma a Gida, Daga Saƙa Har Zuwa Haske

Zuma tana da daraja a Kano, amma kakinta ba shi da gata. Mai zuma zai kawo ta daga ƙauye a bokiti tare da saƙarta, a matse, a tace, a ɗura a kwalabe, sannan abin da ya rage a watsar da shi bayan rumfa, tururuwa da ƙuda su taru a kai. Wannan abin da ake watsarwa shi ne kaki. Daga jikin ƙudan zuma yake fita, ta wasu ƙananan kafofi a ƙasan cikinsu, kuma kafin su samar da kilo ɗaya nasa sai sun sha zumar da ta kai kilo 6 zuwa 8. Abin yana yi mini ciwo a ce ana zubar da irin wannan a garin da ake yawan kwana cikin duhu idan an ɗauke wuta, ga kananzir ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi.

Yawancin kyandir ɗin da muke saya a kanti da farafin ake yin sa, wato kakin da ake samu wajen tace ɗanyen man fetur. Mai arha daga cikinsa ba ya jure zafin garin nan. Ka ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ka dawo ka tarar ya lanƙwashe. Kakin zuma sai ya kai digiri 62 zuwa 65 yake narkewa, don haka yana tsayawa ƙyam, yana ci a hankali, ga ƙamshin zuma mai sauƙi da yake bari a ɗaki. Kuma muddin ana kiwon zuma, kaki ba zai ƙare ba.

Sai dai tun da wuri a san iyakarsa. Kyandir ɗaya hasken da yake bayarwa bai wuce lumen 12 ko 13 ba (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), alhali ƙaramin ƙwan fitila na zamani mai wat 5 yana ba da sama da 400. Yaron da zai yi bitar karatun jarrabawa fitilar sola ta fi masa, ba na jayayya a kan wannan. Amfanin kyandir shi ne ranar da batir ya mutu, ko hadari ya rufe rana kwana biyu sola ba ta caju ba, ana neman abin da za a ci abincin dare da shi, a shimfiɗa wa yara, a yi hira a tsakar gida. Akwai masu tallan da ke cewa kyandir ɗin kakin zuma yana wanke iskar ɗaki. Kada ka ɗauki wannan maganar. Duk abin da ke ci da wuta yana shan iska yana fitar da hayaƙi, ko da kaɗan ne.

Samo kakin

Hanya mafi arha ita ce ka je wurin masu sayar da zuma, a Kurmi ko Kasuwar Rimi ko duk inda ka saba saye, ka nemi saƙar da aka riga aka matse. Ka gaishe da mai rumfa yadda ya kamata, ka ce masa, "Baba, idan an tace, don Allah a riƙa tara mini saƙar, zan riƙa zuwa ina saye." Da yawa za su yi mamaki. Ka ba da kuɗi ko da an ce ka ɗauka kyauta, domin shi ne zai sa a ci gaba da tara maka. Wanda yake da ɗan'uwa a yankunan da ake kafa amya, irin su Doguwa da Tudun Wada da ke kusa da dajin Falgore, ya aika a tara masa daga can.

Saƙa iri biyu ce. Akwai sabuwa, fara ko ruwan ƙwai, wadda aka zuba zuma kaɗai a cikinta. Akwai tsohuwa, baƙa ƙirin, wadda aka reni 'ya'yan zuma a ciki. Ta farko kusan dukkanta kaki ne. Ta biyu rabinta datti ne, kakin da za ta bayar kaɗan ne kuma mai duhu. Kada ka haɗa su a tukunya ɗaya. Kuma kada ka ajiye saƙa ta daɗe, domin akwai wata tsutsa da ke cin ta, cikin makonni kaɗan za ta mayar maka da ita gari da wani abu kamar yanar gizo.

Idan kuwa curin kaki ka samu wanda wani ya riga ya narka, sai ka yi hattara da algus, domin ana gauraya shi da farafin. Ka ɓalli gefensa. Na gaskiya yana karyewa da tsaki-tsaki, wurin karayar ba ya sheƙi, kuma yana ƙamshin zuma. Ka murza ɗan guntu tsakanin yatsu har ya yi ɗumi: na gaskiya zai yi laushi ya lanƙwasu, mai farafin zai yi santsi kamar an shafa mai, ko ya rugurguje.

Tace kaki, inda rabin aikin yake

Duk kyandir ɗin da ya ƙi ci, ko ya yi ta tartsatsi yana mutuwa, idan ka bi diddigi za ka tarar ko dai kakin bai tsarkaka ba, ko lagwanin bai dace ba. Saboda haka nan ne wurin da ba a gaggawa.

Fara da wanki. Zuba saƙar a baho, ka cika da ruwa mai ɗan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, ka murmushe ta, ka tsiyaye, ka sake, har ruwan ya daina danƙo. Zumar da ta rage a jikin kaki ƙonewa take yi a kan lagwani ta toshe shi. Baƙar saƙa kuwa a bar ta jiƙe kwana ɗaya cur, domin dattinta ya sha ruwa ya ƙoshi, kada ya zo ya shanye kakin a tukunya.

Ruwan da za a dafa da shi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ruwan sama ya fi kowanne. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa, yana sa ƙasan kakin ya yi soso-soso, ya zama asara. Idan shi kaɗai kake da shi, matsa lemon tsami ɗaya ko biyu a cikin tukunyar. Kanwa kuwa ko kusa kada ta zo, haka ma ruwan toka, domin suna cin kaki su mayar da shi wani abu mai kama da sabulu. Tukunya ta zama ta silba ko ta alminiyam, wadda ka sallama wa wannan aiki har abada. Baƙin ƙarfe da tagulla suna ɓata launin kaki, su mayar da shi baƙi-baƙi ko kore-kore.

Zuba ruwa ya kai rabin tukunya. Ɗaure wankakkiyar saƙar a cikin tsumman auduga mai tsabta ko buhun atamfa da ka ɗinka, ka sa dutse a ciki don ya nutse. Ɗora a kan wuta marar ƙarfi. Idan gawayi ne, ka bari ya ruru ya lafa tukuna. Abin da ake so shi ne ruwan ya yi zafi yana tururi, ba ya ɓararraka ba, domin idan kaki ya wuce digiri 85 launinsa yana dusashewa, ƙamshinsa ya gudu, kuma tafasa tana iya sa ya yi ambaliya ya zubo kan wuta.

Tsaya ka kalli saman ruwan. Da farko za ka ga ɗigo-ɗigo masu launin zinare suna fitowa daga jikin tsumman suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya iso sama ya baje. Can sai su fara haɗuwa, har saman tukunyar ya rufe da wani shimfiɗaɗɗen ruwa mai sheƙi. Riƙa danna ƙunshin da muciya, kana juya shi, har ɗigon ya daina fitowa. Daga nan sai ka cire ƙunshin, ka matse shi tsakanin sanduna biyu a kan tukunyar, ka sauke.

Yanzu rufe tukunyar, ka lulluɓe ta da tsohon bargo, ka bar ta ta kwana ba tare da ka taɓa ta ba. Sanyin da ke shiga a hankali shi ke ba datti damar sauka ƙasa. Da safe za ka tarar da kakin ya daskare a sama kamar faifai, ya saki gefen tukunya da kansa. Ɗaga shi, ka juya, ka kankare dauɗar da ta manne a ƙasansa da wuƙa. Ruwan da ya rage a zubar da shi a kan ƙasa can gefe, ba a makwarara ba, don guntayen kaki suna toshe ta. Dattin da ke cikin tsumman kuma idan ya bushe yana hura gawayi da kyau.

Wannan tacewar farko ce. Ta biyu ba a cikin ruwa ake yin ta ba, a kan ruwa ake yi. Farfasa faifan ka zuba a babban gwangwani, ka tsayar da gwangwanin a cikin tukunya mai ruwan zafi, ka sa 'yan duwatsu ko murfin kwano a ƙarƙashinsa don kada ya zauna a gindin tukunyar kai tsaye. Daga yanzu har ƙarshen aikin, haka za ka riƙa narka kaki kullum: tukunya cikin tukunya. Idan ya narke, ka tace shi ta cikin ƙyallen auduga ninki biyu zuwa wani busasshen mazubi. Ɗiga kaɗan a farin faranti ka duba. Idan ka ga baƙin tsaki, sake tacewa.

Akwai wata hanyar da ta dace da garin nan ƙwarai, wadda ba ta cin gawayi ko kaɗan. Samu akwatin katako, ka shafe cikinsa da baƙin fenti, ka jingina tiren alminiyam a karkace a ciki, ka ɗora saƙar a kan ƙyalle a saman tiren, ka ajiye kwano a ƙasa inda zai tsiyaya, ka rufe akwatin da gilashin taga, ka fuskantar da shi rana. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin da ke taruwa a ciki ya isa ya narka kaki, kuma wanda rana ta narka yakan fito da haske fiye da na tukunya. Da sabuwar saƙa wannan hanyar ta fi aiki. Baƙar saƙa sai tukunya.

Lagwani

Kakin zuma yana da kauri idan ya narke, ba ya hawa zare da sauƙi kamar farafin. Shi ya sa lagwanin da ya ishi kyandir ɗin kanti ba zai ishe shi ba, sai wanda ya fi shi kauri.

Zaren dole ya zama auduga zalla. Abawa, irin wadda tsofaffinmu ke kaɗawa da mazari, ta yi daidai idan an same ta. In ba haka ba, a nemi farin zaren auduga a Ƙofar Wambai, ko a warware sabon lagwanin risho. Kafin ka saya da yawa, yanki ɗan guntu ka kunna masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba yana narkewa ya dunƙule ya yi baƙin ƙulli mai wari. Wannan ba ya lagwani.

Kada ka murɗa zaren kamar tufkar igiya ka tsaya nan. Kitsa shi za ka yi, kashi uku, irin kitson gashi. Dalili kuwa shi ne kitsattsen lagwani yana lanƙwasa kansa idan yana ci, bakinsa ya leƙa gefen harshen wutar inda ya fi zafi, ya ƙone da kansa ya zama toka. Murɗaɗɗe kuwa tsaye yake tsayawa a tsakiyar wuta, ya yi ta tsawo yana tara baƙi a kansa yana hayaƙi. Ɗaura bakin zaren a jikin ƙusa ko ƙafar kujera, ka yi kitson da ɗan ƙarfi, ba sako-sako ba, ba kuma tamau ba.

Kauri nawa? Zare ya bambanta, don haka gwaji ne zai faɗa maka. Kitsa iri uku: siriri, matsakaici, da mai kauri, misali mai sili 9, mai 15, da mai 21, ka rubuta a takarda wanne ne wanne. Ga kyandir mai faɗin santimita 2, lagwanin da ya kai kaurin tsinken ashana shi ne mafari mai kyau. Mai faɗin santimita 5 yana son wanda ya kusa ninka wannan.

Kafin amfani, tsoma lagwanin a narkakken kaki ka bar shi. Za ka ga ƙananan kumfa suna fita daga jikinsa, iskar da ke cikin zaren ce. Idan kumfar ta tsaya, cire shi, ka ja shi ya miƙe, ka shimfiɗa a kan takarda ya bushe. Zai yi tauri kamar tsinke.

Hanyar tsomawa

Ita ce hanyar da ba ta neman komai sai dogon gwangwani da haƙuri, kuma ita nake ba mai koyo shawarar ya fara da ita. Gwangwanin ya fi tsawon kyandir ɗin da kake so da kamar santimita 5. Cika shi da kaki, yana tsaye a cikin ruwan zafi, zafin kakin ya tsaya wajen digiri 70 zuwa 75. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya lura da gefen gwangwanin: idan fata ta fara kamawa a saman kakin, ya yi sanyi da yawa.

Yanki lagwani mai tsawon kyandir biyu da ƙarin taƙi guda, ka rataya shi a kan ɗan kara ta tsakiya, bakunan biyu suna reto, tsakaninsu da tazarar yatsu uku don kada su manne. Ɗaura ƙaramar ƙusa a ƙarshen kowanne don ta ja shi ya miƙe. Tsoma su gaba ɗaya, ka ɗago nan take, ba tare da tsayawa a ciki ba. Rataye su su sha iska na minti ɗaya ko biyu, har ka taɓa ka ji ɗumi kawai ba danƙo, sannan ka sake tsomawa. Bayan tsomawa biyar ko shida sai ka yanke ƙusoshin, ya riga ya iya tsayawa da kansa.

Idan ka ga kyandir ɗin ba ya ƙara ƙiba, kakin ya yi zafi, yana narka abin da ya riga ya kama. Idan jikinsa ya yi ƙurji-ƙurji, kakin ya yi sanyi. Idan ya ɗan karkace, kwantar da shi a kan tebur mai santsi tun yana da ɗumi ka murza shi da tafin hannu. Tsomawa 20 zuwa 30 kan kai shi faɗin santimita 2. Riƙa ƙara narkakken kaki a gwangwanin don kada ya ragu. A ƙarshe ka yanke gindin ya yi daidai, ka rataye su kwana ɗaya kafin a kunna.

Lokaci ma yana da tasiri. Da hunturu aikin yana sauri domin kakin yana kamawa nan da nan. Da bazara kuwa sai dai da sassafe ko bayan isha'i, kuma ka rataya karare biyar ko shida kana bin su bi da bi, kafin ka zagayo kan na farko ya huce.

Ga lissafin da zai taimaki mai son sanin ribarsa. Kyandir mai faɗin santimita 2 da tsawon santimita 20 yana cin kaki kimanin giram 60, wato kilo ɗaya zai ba ka wajen guda 16. Da lagwanin da ya dace, kowanne zai kai awa 8 ko fiye yana ci.

Zubawa a bututu ko gwangwani

Mai son kyandir masu kai ɗaya, musamman na sayarwa, ya yi amfani da bututu. Guntun bututun roba na famfo yana yi, gora ma tana yi, har da hannun ganyen gwanda, wanda cikinsa rami ne, idan kakin ya daskare sai a tsage shi kawai. Kakin zuma yana da kamu, don haka shafe cikin bututun da man gyaɗa kaɗan. Huda murfin kwalba a tsakiya, ka zura lagwani, ka toshe gindin bututun da shi, ka liƙe da yumɓu. A sama kuma ɗaura lagwanin a jikin tsinke ka gicciya shi a bakin bututun, lagwanin ya tsaya a tsakiya cif. Kafa bututun a bokitin yashi, ka zuba kakin a hankali. Yayin da yake hucewa zai shanye ya bar rami a sama kusa da lagwani. Tsokana wurin da tsinke, ka cike da sauran kaki. Washegari ka zare. Idan ya ƙi fita, sa shi cikin ruwan randa na ɗan lokaci.

Na gwangwani ya fi sauƙi, kuma ya fi aminci a gidan da ke da yara tunda ba ya faɗuwa da wuri. Ƙaramin gwangwanin tumatir da aka wanke aka daddanne bakinsa ya isa, haka kofin tangaran ko gilashi mai kauri. Manna gindin lagwanin da ɗigon kaki, ka riƙe samansa tsakanin tsinke biyu. A nan ne kaɗai ake gauraya kaki da mai, domin zallansa yakan tsage a cikin mazubi, kuma wutar takan haƙa rami ta bar gefe. Kashi uku na kaki, kashi ɗaya na man kwakwa ko man kaɗanya. Kada ka wuce haka. Man kwakwa tun daga digiri 24 yake narkewa, wato a Kano kusan duk shekara ruwa ne, idan ya yi yawa kyandir ɗin zai yi ta gumi. Ɗumama mazubin kafin ka zuba, ka bar shi ya huce nesa da fanka.

Abu ɗaya da mutane ke sha'awa amma nake hanawa shi ne zuba kaki a ɗanyen kaskon ƙasa wanda ba a yi masa rufin tangaran ba. Yana da kyan gani, amma ƙasar tana shan kakin, wata rana kaskon gaba ɗaya ya zama lagwani ya kama da wuta. Haka ƙwarya da kwanon roba. Turare mai ruwa ko humra ma kada a zuba, tartsatsi suke sa shi. Launi kuwa, wanda Allah ya ba shi ya isa.

Karanta harshen wuta

Kafin ka yi da yawa, yi guda uku da lagwanin nan iri uku, ka datse kowanne ya rage kamar milimita 6, ka jera su a kan tire inda ba iska, ka kunna, ka zauna kusa da su awa biyu.

Wanda lagwaninsa ya yi siriri, wutarsa za ta yi ƙanƙanta, ta haƙa rami, narkakken kaki ya taru ya nutsar da ita. Wanda ya yi kauri, wutarsa za ta yi tsawo tana rawa, bakinta yana fitar da baƙin hayaƙi, kaki yana zuba ta gefe. Riƙe farin faranti sama da shi da tazarar taƙi ɗaya, za ka ga kunkunniya ta kama. Wanda ya dace, harshensa yana tsaye shiru, tsawonsa kamar gaɓar yatsa, ƙasansa shuɗi-shuɗi, samansa ruwan zinare, a gindinsa akwai ɗan tafkin kaki da bai cika ya zuba ba, kan lagwanin ya sunkuya gefe yana ja kamar garwashi. Wannan shi za ka riƙe, ka ci gaba da sayen zare iri ɗaya. Idan kuwa duka ukun suna tartsatsi ko suna tara baƙin ƙulli a ka, laifin ba na lagwani ba ne, koma ka sake tace kakin.

Na gwangwani, ranar farko a bar shi ya ci har saman ya narke daga gefe zuwa gefe kafin a kashe, kimanin awa ɗaya ga kowane santimita biyu da rabi na faɗinsa. In an kashe da wuri, ramin da ya fara shi zai ci gaba da bi har ƙasa.

Idan kaki ya yi wuya

Kafin zuwan kananzir, da fitilar mai ake haskaka gidajen birnin nan, kuma har yanzu tana aiki. Samu ƙaramin kasko marar zurfi, ka jiƙa shi a ruwa ya bushe don ya rage shan mai, ka ɗora shi a kan farantin yashi. Zuba man gyaɗa, ko man da aka gama suya da shi bayan an tace. Murza auduga ta yi kamar siririyar igiya, ka jiƙa ta da man, ka kwantar a ciki, bakinta ya leƙo gefen kaskon kaɗan. Man girki ba ya hawa lagwani da nisa, don haka wutar ta kasance kusa da saman man, a riƙa ƙarawa yana raguwa. Ya fi kananzir aminci domin ba ya kamawa da sauƙi, amma kada a kuskura a gauraya shi da kananzir ko fetur wai don ya fi ci.

Maganar gobara

Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labarin gobara, musamman da hunturu lokacin da komai ya bushe. Kada ka bar kaki a kan wuta ka fita, ko da amsa sallama ne a ƙofar gida. Idan ya kama, kada ka watsa masa ruwa, domin fantsama zai yi ya watsu da wutarsa. Rufe shi da murfin tukunya, ko ka zuba yashi. Bokitin yashi ya kasance kusa da kai tun kafin ka hura wuta, yara kuma su yi nisa. Idan narkakken kaki ya zubo maka a hannu, sa hannun cikin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20 kafin ka ɓare shi.

Wajen kunnawa, kyandir ya zauna a kan farantin ƙarfe ko na tangaran, ba a kan talabijin, katifa ko kujerar roba ba, kuma nesa da labule da gidan sauro. A bar taga a ɗan buɗe. Kada ya wuce awa huɗu yana ci a jere, kuma wanda zai kwanta ƙarshe shi ke da alhakin kashewa. Maimakon hurawa, tura lagwanin cikin narkakken kakin da tsinke ka ɗago shi, zai mutu ba hayaƙi, kuma gobe zai fi saurin kamawa.

Wajen ajiya, naɗe su a takarda ka kwantar a akwati mai murfi a wuri mafi sanyi a ɗaki, domin ɓeraye suna gaigayar kaki, ƙurar hunturu kuma tana mannewa a jikinsa. Idan ka ga wani fari-fari ya fito musu lokacin sanyi, ba lalacewa suka yi ba, halin kakin zuma ne, goge shi da tsumma zai tafi. Guntayen da suka rage a faranti da waɗanda suka zuba ta gefe a tara su a gwangwani ɗaya, a cire ƙonannen lagwanin, a haɗa su da sabon kaki ranar da za a sake narkawa.